Majalisar Ƙoli Kan Kumburin Cikin Jariri

A ƙasar Hausa babu larurar da ta kai kukan jariri yawan likitoci. Mai hawan jini sai ya yanki kati, ya bi layi, ya yini a benci kafin a duba shi. Amma jariri ɗan sati biyar ya tsanyara kuka bayan magariba, ya dunƙule hannu, ya naɗe ƙafafu zuwa ciki, fuska ta yi jajir, to kafin a kira isha'i ƙwararru sun cika tsakar gida, kuma babu wanda ya aika musu goron gayyata.

Shugabar majalisa dai sananniya ce, Hajiya kakar yaro ta wajen uba. Ba a zaɓe ta ba, ba kuma a tsige ta. Za ta karɓi yaron, ta ɗan ƙwanƙwasa cikinsa da yatsa, ta kasa kunne, sannan ta yanke hukunci: "Yunwa ce. Nonon yarinyar nan tsinkakke ne, ba ya riƙe ciki." Ita kuwa "yarinyar nan", wadda ta yi wata guda tana shan wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma, ana ɗura mata kunun kanwa har ta daina jin ɗanɗanon komai, tana gefe ta sunkuyar da kai. Ba ta da ƙuri'a a wannan zama. Ita ce wadda ake tuhuma.

Da haka gwangwanin madara na farko ke shigowa gida. Abin dariyar, shi kansa gwangwanin ya fi majalisar adalci, don a jikinsa an rubuta ɓaro-ɓaro cewa nonon uwa ya fi. Ba kirkin 'yan kasuwa ba ne ya sa suka rubuta. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar tallan madarar jarirai, kuma a Najeriya NAFDAC ce ke sa ido a kai. Hukumar lafiyar nan dai ita ce ke cewa a ba jariri nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a ƙara masa. Kada kuma a ce na ce madara haramun ce. Akwai marayan da uwarsa ta rasu wurin haihuwa, akwai uwar da ciwo ya kwantar, akwai mai tagwaye da ƙarfinta ya gaza, akwai ma'aikaciyar da hutun haihuwarta ya ƙare. Waɗannan madara rahama ce gare su, kuma duk mai yi musu gori Allah ya shirye shi. Maganata a kan gwangwanin da aka saya ne saboda Hajiya ta ƙwanƙwasa ciki.

An ba shi madara. Daren farko ya yi barci, wataƙila don gajiyar kukan jiya, aka yi ta hamdala. Dare na biyu ya dawo bakin aikinsa, har da ƙarin tusa. Majalisa ta sake zama, wannan karon da 'yan kallo.

"Wannan madarar ba ta karɓe shi ba," in ji Gwaggo. "NAN za ku ba shi, ita na ba duk jikokina."

"Haba Gwaggo, ai SMA ce mai laushi a ciki," in ji facala, wadda nata ɗan ya yi wata uku yana hana unguwa barci amma ta manta.

Sai Anti ta gyara zaman mayafi. Anti tana da 'ya a Landan, saboda haka duk maganarta fatawa ce. "Ni fa ban san waɗannan ba. Aptamil ake ba yara yanzu." Ta faɗi sunan a hankali don kowa ya ji, musamman dangin amarya. A nan ne maganar ta tashi daga cikin jariri ta koma kan martabar gida. Akwai gidajen da ake ajiye gwangwani mai tsada a kan madubi, inda 'yan barka za su gani, tambarin yana fuskantar ƙofa.

Maigida fa? Shi ne ma'ajin majalisa, ba ya magana sai biya. Ga shi can a kanti ko a kasuwar Singa, ya riƙe gwangwani biyu yana karanta ƙananan rubutu da fitilar waya, yana gyaɗa kai wai ya gane. Gwangwani mai giram 400 bai fi ya kai wa jariri kwana huɗu ba idan da shi kaɗai yake rayuwa, amma a gidan nan ba a taɓa ganin ƙasan gwangwani ba, don kafin a kai rabi an tsige shi an naɗa wani. Mai kanti kuwa ya zama farfesa. "Alhaji, wannan ita ce ta masu kumburin ciki." Wace ce? Wadda ta fi daɗewa a kan kanta. Cikin sati biyu saman firij ya cika da gwangwanaye huɗu buɗaɗɗu, alhali a jikin kowanne an ce a gama da shi cikin wata guda bayan buɗewa. A ƙarshe yayyen jariri ne ke lashe su a ɓoye, su kam ta karɓe su.

Abin da majalisa ba ta so a faɗa shi ne, madarar farko ta jarirai, kusan duk wadda za ka ɗauko, uwarsu ɗaya: saniya. Nononta ake sarrafawa a daidaita shi bisa ma'aunin da hukumomi suka gindaya, don haka bambancin da ke tsakanin gwangwani da gwangwani bai kai na farashinsu ba. Cikin jariri kuma yakan so kwanaki kafin ya saba da sabon abu, har launin kashinsa da taurinsa kan canza. Wanda ake sauya wa madara duk bayan kwana uku, yaushe ma zai saba balle a gane ta karɓe shi ko ba ta karɓe shi ba?

Ku zo mu leƙa yadda ake haɗa madarar, don nan ɓarnar take. A jikin gwangwani an ce a fara zuba ruwa, sannan a sa cokali ɗaya shafaffe a kan kowane mililita 30. Hajiya ta ce wannan rowar Turawa ce. Sai a cika cokali ya yi tozo, a danna da babban yatsa, a ƙara ɗaya "don ya ji nauyi a cikinsa". Ya kuwa ji, don kashi ya ƙi fita, yaro na ta nishi. Idan wata ya yi nisa kuma aljihu ya bushe, sai a juya lissafi, cokali biyu a cika fida da ruwa, wanda shi kuma yunwa ce da haɗari. Daga nan a girgiza fida da ƙarfin tsiya har kumfa ta kai wuya, a miƙa wa yaro nan take. Bakin fidar an riga an faɗaɗa shi da allura mai zafi, wai yaro na wahalar zuƙa, sai madara ta riƙa kwarara yana haɗiya da iska yana ƙwarewa, ga shi kwance shame-shame a kan katifa, an tokare fidar da filo saboda tuwo na kan wuta. Ya gama, babu mai ɗora shi a kafaɗa ya shafa bayansa ya yi gyatsa. Ragowar ta asuba kuma a ajiye masa zuwa azahar, a wannan zafin namu, saboda zubarwa almubazzaranci ne. Likitoci sun ce ruwan haɗi a tafasa shi, a zuba garin tun zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, a huce kafin a bayar, kuma abin da ya wuce awa biyu a zubar. Duk wannan an tsallake shi, an kama gwangwani da laifi.

Shi kuwa kukan, tsohon zance ne. Tun 1954 wani likitan yara a Amurka, Morris Wessel, ya bayyana irin jariran nan masu ƙoshin lafiya da ke kuka fiye da awa uku a yini, fiye da kwana uku a mako, har fiye da mako uku. Kukan jarirai yakan ƙaru ya kai ƙololuwa wajen sati shida, galibi da yamma, sannan ya riƙa sauka, zuwa wata uku ko huɗu ya lafa da kansa. Mai shan nono na yi, mai shan madara na yi, ɗan Landan ma na yi, Anti. Ku lura da lokacin: daidai kwana arba'in, sa'ad da gida ke cike da baƙi masu ra'ayi. To duk gwangwanin da Allah ya sa yana buɗe ranar da kukan ya gaji don kansa, shi ne zai kwashe lada, kamar bokan da ya fito roƙon ruwa bayan hadari ya gama haɗuwa. Wadda ta kawo shawararsa kuwa ta samu abin faɗi har jikokin jikoki.

Kafin a kai can, yaro ya sha gwaji. An ɗura masa dauri, an lasa masa zuma, alhali ba a ba ɗan ƙasa da shekara ɗaya zuma saboda wata ƙwayar cuta da cikinsa bai iya yaƙa ba. An kawo kwalbar gripe water, wadda Hajiya ke rantsuwa da ita, ba ta san wani Bature William Woodward ne ya haɗa ta a Ingila a 1851 ba, kuma asalin haɗin har da barasa a ciki kafin daga baya a cire. Ku faɗa mata a hankali, bayan ta idar da lazimi. Wani ma ya kawo shawarar a kira wanzami ya duba beli. Wata ta ce kambun baka ne, tana kallon inda maƙwabciya ta zauna jiya.

Akwai fa jariran da da gaske jikinsu ba ya jituwa da sinadarin nonon saniya, amma ba su da yawa, biyu ne ko uku a cikin ɗari, kuma sukan zo da alama: jini a kashi, ƙuraje masu ƙaiƙayi, amai mai yawa, rashin ƙaruwar nauyi. Irin waɗannan canjin gwangwani a kanti ba ya musu komai, tunda duk saniyar ce. Madara ta musamman likita ke rubuta musu. Jaririn da ya yi zazzaɓi, ko amansa ya zama kore, ko cikinsa ya kumbura ya yi tauri, ko ya ƙi karɓar abinci ya yi laushi, wannan ba na majalisa ba ne, a saɓa shi sai asibiti ko da tsakar dare ne.

Saura kuma, masu kuka da tusa amma suna ci suna ƙiba, roƙona ga Hajiya da Gwaggo da Anti ɗaya ne. Tunda kun zo taimako, ku karɓi yaron ku goya shi, ku zaga tsakar gida da shi, ku bar uwarsa ta runtsa ko na awa biyu. Kai kuma maigida, kafaɗarka ba ta rataya babbar riga kaɗai ba ce, ɗora ɗanka ya yi gyatsa, ko da zai yi maka tumbuɗi a kan shadda. Gwangwani na biyar kuwa a bar wa mai kanti abinsa sai likita ya ce a saya.