Furen da Ya Ari Sunan Ƙasarmu

Ɗan yayata da ke karatu a Faransa ya zo hutu Konni a watan Disamba, ya kawo mini tsaraba: wani tsiro a 'yar tukunya, ganyensa kore shar, furensa fari tas. Na ɗora tabarau na karanta takardar da ke jikinsa: Helleborus niger. Kalmar farko ba ruwana da ita. Ta biyun ce ta sa na miƙe tsaye.

"Allahu Akbar! Ashe namu ne Turawa suka kwashe, yau ya dawo gida."

Yaron ya ce, "Kawu, ai ba haka…" Na ce ya yi shiru, na riga shi sanin ƙasar nan. Da ƙyar na bari ya faɗa mini abu biyu: tsiron yana son inuwa, yana son sanyi.

Sanyi kuwa muna da shi. Wanda ya taɓa kwana a fadamar Maggiya cikin Janairu ya san ba a wanka sai rana ta take. Na aje tsiron gindin bedi, hunturu na kaɗawa, shi kuma yana ta fure. Duk baƙon da ya shigo, sai ya gaida furen kafin a ba shi ruwa.

Surukina ya zo daga Galmi, mutumin da tun tashinsa albasa yake nomawa. Ya zagaya tukunyar sau biyu.

"Ana miya da shi?"

"A'a, Baba."

"Magani ne?"

"Kallo ake yi."

Ya jinjina kai ya ce albasa ma tana fure, fari kuma, bayansa a sami irin da ake saye da tsada. Daga nan bai ƙara cewa uffan ba, sai kallon tausayi da yake yi wa 'yarsa.

Sai bazara ta kawo kai. Cikin Afrilu zafin Konni yakan haura digiri 40, inuwar bedin kanta neman inuwa take. Ganyen ya fara lanƙwashewa. Na jiƙa buhun albasa na lulluɓe tukunyar. Na matsar da randar gida na ba shi wurinta. Da abin ya ƙi, na shiga sayen ƙanƙara kullum ina jera masa a gindi, yara na tsaye suna haɗiyar yawu. Uwargida ta ce, "Malam, shekara 20 muna tare, ban taɓa ganin ka yi mini fifita ba." Gaskiya ce, a lokacin mafici na hannuna.

Akuyar maƙwabcinmu ce ta ƙarasa zancen. Ta shigo ta zaure ta gatsi ganye biyu, kafin la'asar tana ta dalalar da miyau, cikinta ya ɓaci. Ashe tsiron dafi ne tun daga saiwa har fure. Akuya ta tashi, amma jika biyar ɗina ba su tashi ba, sun tafi wurin likitan dabbobi.

Shi likitan ne ya karɓi takardar, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce asalin tsiron duwatsun Alp ne na Turai, inda yake fure ƙanƙara na zuba, shi ya sa Faransawa ke kiransa furen Kirsimeti. Niger ɗin kuma Latinanci ne, ma'anarsa baƙi, saboda saiwarsa baƙa ce.

Ban yarda ba sai da na tumɓuke gawar. Baƙa ƙirin.

Da damina ta wuce, surukina ya aiko da dashen albasa ba tare da wani saƙo ba. Guda huɗu tukunyar ta ɗauka, kuma duk sun yi kai.