Yadda ake cin gasar muhawara a Garwa ba tare da an kore ka daga gida ba

Ƙanena, tunda jarrabawar Probatoire ta wuce, kuma Baba ya gaji da ganinka miƙe a zaure kana latsa waya, ga shi an rubuta sunanka a horon muhawara na dogon hutu. Madalla. Daga nan zuwa farkon Satumba za a koya maka yadda ake musu da izini, har a tafa maka. Ga 'yan shawarwari, kyauta.

Tsarin da masu horarwa suke son kwaikwayo shi ne na gasar ɗaliban sakandare ta duniya, wadda aka fara a Ostireliya a 1988: mutum uku a kowane ɓangare, kowa minti 8, sai jawabin rufewa na minti 4. Na san za ka raina minti 8, don ka saba da teburin mai shayi a Yelwa, inda ake kwana ana gardamar ƙwallo. To, a can ba wanda ya taɓa kai ƙarshen jimlarsa ba a katse shi ba, shi ya sa kowa ke ganin cikinsa cike yake da magana. Ranar da aka yi maka tsit, za ka tarar iliminka ya ƙare a minti na biyu. Kada ka firgita, kai ɗan Garwa ne, kana da gaisuwa. Gaishe da alƙalai ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi gajiya, da gida, da ruwan jiya. Za su rage maka maki, amma ba wanda zai ce ka yi shiru.

Sannan ba kai ke zaɓen ɓangarenka ba, ƙuri'a ce. A ce an kawo batun madatsar Lagdo, wadda aka gama a 1982, da ruwan da ake saki ya bi Binuwai ya gangara Yola har ya wuce, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2012 da ta 2022. Kai da wutar gidanku daga Lagdo take zuwa, in ta zo, sai ƙuri'a ta ce kai ne lauyan mutanen Adamawar Najeriya. Kada ka ɓata rai. Ka tuna da Goggo da ke aure a Yola, ka yi magana tamkar katifarka ce ta jiƙe. In kuma ka faɗo ɓangaren gida, makaminka Dasin Hausa, madatsar da Najeriya ta shirya ginawa don tare wannan ruwa, aka yi shekaru ana jiranta. Ka ambace ta sau uku, kana girgiza kai a hankali.

Yanzu ga babban tarko, kuma malamin Faransanci ne ya haƙa maka shi da kyakkyawar niyya. Ya koya maka cewa rubutu na gari sai ka kawo hujja, ka kawo kishiyarta, sannan ka sasanta su. A takardar jarrabawa wannan shi ne maki. A zauren muhawara kuwa kamar ka kai ƙara gaban Lamiɗo ne, ka gama bayaninka, ka koma gefen wanda ka kai ƙara ka yi masa nasa, sannan ka roƙi a yafe wa juna. Abokan hamayya za su yi maka godiya. Ka tsaya a kashi na farko, ka haɗiye sauran biyun.

Batun harshe ba shi da tsawo. Da Faransanci ko Turanci za a yi, su ne harsunan hukuma, alhali hujjar da Hausa ko Fulatanci take fara zuwa maka. In kalma ta maƙale a hanya, ka cire tabarau ka goge. In ba ka da tabarau, ka ara tun yau.

Abin da zai fi ba ka wuya shi ne ido. Shekara goma sha bakwai ana koya maka ka sunkuyar da kai gaban babba, yanzu ga wani sa'an Kawu zaune da biro yana rage maka maki don ba ka dube shi ba. Dabara ita ce ka kalli hularsa, daga nesa ba a bambancewa. Akwai kuma lada a ciki: yayin da kake magana, abokin hamayya na iya miƙewa ya nemi daƙiƙa 15 ya jefo tambaya, kai kuma kana da ikon ɗaga masa hannu ya zauna, ko da ya girme ka. Duk faɗin Garwa ba wani wurin da aka yarje maka wannan. Ka more, amma ka karɓi ɗaya ko biyu, kada a ce tsoro ne.

Kada ka ƙirƙiri alƙaluma, alƙalan yanzu da waya a aljihu suke zama. In ka ce ƙungiyar Coton Sport ta Garwa ta ci kofin zakarun Afirka, wani zai tuna maka cewa a 2008 wasan ƙarshe ta kai, Al Ahly ta ɗauke kofin, kuma a filin Roumdé Adjia na nan Garwa aka tashi biyu da biyu. Daga nan ko ka ce kamfanin auduga na SODECOTON a Garwa yake, sai an bincika. In hujjarka ta uku gurguwa ce, ka ajiye ta sai ruwan Agusta ya sauko a kan kwanon ajin. Ka yi ta motsa baki kana sara iska da hannu, alƙalai za su ɗauka an yi asarar wani abu mai nauyi.

In akwai mace a ƙungiyarku, ku bar mata jawabin rufewa. Wannan jawabi na wanda ya saurari abin da aka faɗa ne, kuma lokacin da ku biyun kuke gyaran wuyan riga, ita tana rubutu.

Saura gida, inda ake asarar zakaru. Duk abin da ka koyo, ka tuɓe shi a bakin zaure tare da takalmi. In Baba ya ce damina ta yi kyau bana, ta yi kyau, ko da kana da hujja uku da misali. Kada ka miƙe tsaye ka nemi daƙiƙa 15 a wurin Inna, hannunta ya fi na alƙali sauri. In harshen ya dame ka da ƙaiƙayi, fita titi ka tsayar da mai babur, ka ce daga Poumpoumré zuwa babbar kasuwa, ka nemi ya rage maka dala biyar. Shi bai san wani minti 8 ba, kuma tun asuba yake atisaye.