Kowa da Hujjarsa: Mahaya Keke na Banifandou

A Wagadugu ba a tambayar mutum dalilin da ya sa ya hau keke. Mata na hawa da goyo a baya, tsofaffi na hawa, ma'aikata na hawa, ba mai ɗaga kai ya duba. A Yamai kuwa, in magidanci mai gemu ya fito daga gida yana tura keke, unguwa na jiran bayani. Ko dai aiki ya ƙare, ko an sayar da babur an biya kuɗin haya, ko kuma kan ne ya fara taɓuwa. Shi ya sa kusan duk mai barin Banifandou da safe a kan taya biyu marasa inji yakan tanadi hujja tun kafin ya tanadi famfo.

Mafarin hanyar ɗaya ne ga kowa. Daga ƙofar gida zuwa kwalta rairayi ne, kuma rairayin Banifandou bai san girman kowa ba: dole ka sauka ka tura. In an kai kwalta sai a tsallake titin Mali Béro, daga nan kowa ya kama gabansa, wani Wadata, wani Babbar Kasuwa, wani Katako, wani ofisoshin Filato, wani kuma ya gangara kogi ya haye Harobanda. Da safe abin da sauƙi, don garin wajen kogi yake gangarawa. Da yamma ake biyan bashi, musamman a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Wanda ya fi kowa gyara hujjarsa shi ne Likita-ya-ce. Ma'aikaci ne a Filato, yana da babur Kasea a zaure, lulluɓe da tsohon zane. In kun haɗu a shataletale, kafin ka ce ina gajiya ya riga ka: "Wallahi likita ne ya ce in riƙa motsa jiki, hawan jini ya fara leƙo ni." Abin mamaki da wannan ciwo, kalanda yake bi. Yakan taso wajen 18 ga wata, ya yi tsanani wajen 25, ranar da albashi ya shiga kuwa sai Allah ya kawo sauƙi, a yaye zane, a ji Kasea ta yi tari. Ba ya kai keken ƙofar ofis. Akwai wani mai shayi a lungu na biyu kafin ma'aikata, can yake jingine shi, ya zare ƙafar wando daga cikin safa, ya share gumi, ya sauya rigar da ya ƙunso a leda, sannan ya shiga yana kaɗa makullin babur a yatsa. Masinja ya sani. Mai gadi ya sani. Darakta ma ya sani, don ya sha wuce shi a mota yana haki. Amma Yamai gari ne mai rufin asiri, kowa sai ya ce masa, "Malam, ya jikin?" Shi kuma ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Maƙwabcinsa Mushe bai ɓoye komai ba, shi da alfahari ma yake hawa. Malamin lissafi ne, kuma a ganinsa duk juyin feda ajiya ce. Ya san kuɗin taksi mai jan kai zuwa da dawowa, ya san na faba-faba, ya san na kabu-kabu, ya ninka kowanne da ranakun aiki, ya cire Asabar da Lahadi da babban hutu, ya rubuta a bayan littafin darasi. Da gwamnati ta sauko da litar fetur zuwa sefa 499 a 2024, kowa ya yi murna ban da shi, don ragin ya ɓata masa jadawali. A lissafinsa, tun bara ya kamata a ce ya mallaki fili a Niamey 2000, bana kuma ya fara buga bulo. Uwargida ta sha jin wannan bayani, kuma tambayarta guda ce: "To, Mushe, ina kuɗin?" Amsar tana wurin mai faci, da mai ruwan leda, da mai tsiren da Allah ya dasa daidai inda ƙafa ke fara rawa a hanyar dawowa. Waɗannan ba su da layi a jadawali.

Tubabbun fetur ba sa daɗewa, don haka ba sai an daɗe a kansu ba. A watan Maris na 2025, da mai ya yi ƙaranci, layin motoci da babura ya miƙe a gidajen man Yamai, sai ga kekuna sun fito daga ɗakunan ajiya da ƙurarsu da yanar gizonsu. A lokacin aka ga Alhaji mai tumbi a kan keken ɗansa ɗan aji shida, babbar riga a naɗe a kafaɗa, gwiwa na gaisawa da haɓa. Ya rantse a fada cewa shi da fetur har abada, ya gano sirrin lafiya. Tuban muzuru. Ranar da tankokin mai suka iso yaro ya karɓi kekensa, sirdi a lanƙwashe.

Baba mai Rali ya bambanta da duk waɗannan. Tsohon ma'aikaci ne, kekensa ya girmi surukansa, kuma kowace safiya sai an goge shi da tsumma na musamman: ƙararrawa na sheƙi, madubi biyu, famfo a maƙale, sirdi da rigarsa mai geza. Sai dai Baba ya fi tura shi fiye da hawa, don addini da tarbiyya ba su yarda ya wuce dattijo ɗan'uwansa a kan sirdi ba. Ya sauka ya gaida liman. Ya hau, taku goma, ya sauka ya yi wa mai kanti barka da arziki. A haka tafiyar kwata ɗaya takan cinye hantsi. Ba ya ba da aro. Ɗansa na cikinsa ma sai dai ya kalla.

Sai ɗan tsere. Shi ba ya zuwa aiki da keke, ai aiki da mota ake zuwa. Ranar Lahadi da asuba yake fitowa, cikin wando mai kama jiki wanda in da ɗansa ne ya sa da ya sha faɗa, da hular kwano mai ramuka, da tabarau, da takalmi mai ƙwas-ƙwas da ba a iya tafiya da shi. Tsofaffi masu dawowa daga masallaci kan kau da kai su nemi tsari. Kekensa ya fi babur tsada, da yatsa biyu ake ɗaga shi, kuma bai taɓa taka rairayin unguwa ba, a kafaɗa ake kai shi kwalta. Ya san Tour du Faso, tseren da Burkina Faso ta fara a 1987, ya san na Faransa da ake yi tun 1903, yana kiran zakarunsu da sunan yanka. Hanyar Kollo yake bi, ko ta Dosso, ya je har Kouré, wajen kilomita 60, inda raƙuman dawa suke, ya juyo. In ka tambaye shi abin da ya je yi, sai ya nuna maka waya: jan layi a kan taswira, da lambobi. Me ya kawo? Babu. Wa ya gaisar? Babu. Wannan shi ne abin da Banifandou ta kasa haɗiyewa, a ce mutum ya yi kilomita 120 ba ta'aziyya, ba suna, ba bin bashi. Ni dai ina sara masa, don raba kwalta da manyan motocin hanyar Dosso ba aikin rago ba ne. Amma akwai abin da ba ya shiga wayar. Wani lokaci a hanyar dawowa, yana tsaka da haki, sai wani ɗan ƙauye da tsohon keke Phoenix da kaji ashirin ya zo dab da shi, ya ce, "Sannu da aiki, maigida," ya wuce.

Shi wannan mai kajin ba shi da hujja, kuma ba a taɓa tambayarsa ba. Tun da duhu yake barin ƙauyensa, wani daga bakin hanyar Dosso, wani daga wajen Hamdallaye a hanyar Filingué, kaji da zabi a ɗaure suna lilo ta ko'ina, kwandon ƙwai a baya cikin ƙaiƙayi, kuma ba a taɓa jin ya fasa guda ba. Danginsa na da yawa a garin nan. Akwai mai burodi da dogayen sandunansa a tsaye cikin kwali. Akwai mai yawur da kula, wanda ke tsere da rana kafin ƙanƙara ta narke. Akwai mai harawa gab da layya, wanda in ka biyo shi ta baya ba ka ganin mutum, sai dai tulin ciyawa na tafiya shi kaɗai. Akwai wanda ya ɗauko kwanon rufi daga Katako, yana addu'ar kada iska ta taso kafin ya isa, da wanda ya ɗaure rago daga Tourakou a kan kariya, ragon na ƙare wa masu manyan motoci kallo. Akwai kuma mai gadi, wanda ke tafiya saɓanin kowa: da magariba yake barin unguwa, rediyo da buta da tabarma a baya, ya je ya kwana a ƙofar wani gida a Filato, da asuba ya dawo yana gyangyaɗi a kan sirdi, keken da kansa ya san hanya.

Kekunansu duk uwa ɗaya uba ɗaya: baƙi, mai nauyi, kariyar asali ta daɗe da karyewa, mai walda ya ƙera wata da rodi. Robar feda ta faɗi tun tuni, saura tsuran ƙarfe da tafin ƙafa ya goge har yana ƙyalli. Tun ƙidayar 2012 mutanen Yamai sun haura miliyan ɗaya, garin kuma a kwance yake faɗaɗa, Banifandou da a da ake ganin ta bayan gari yanzu tana da nata bayan garin. An gina gadar sama ta Mali Béro a 2013, ta Diori Hamani a 2018, duk domin mota. Rabon mai keke shi ne wannan ɗan gefen kwalta da rairayi ya ci rabi, shi ma ya raba shi da amalanken jaki, da mai teburin mangwaro, da taksin da ke tsayawa duk inda aka ɗaga masa yatsa. Mutanen da ke kawo wa gari burodinsa da ƙwansa su ne aka fi danna wa ham, kuma su ne ba sa ramawa, don hannu biyu na riƙe da kaya.

Ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni yana da hujja, amma gajeriya: "Na ɗan lokaci ne, kafin burs, tallafin karatu, ta fito." Ɗan lokacin nan yakan kai shi har digiri na biyu. Kullum sai ya haye gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, lokacin da ba a zaci garin zai kai haka ba. An ƙara gada ta biyu a 2011, ta uku a 2021, amma shi Kennedy ce miƙaƙƙiyar hanyarsa, tsakanin taksi da babur da raƙumi mai tabarmi. Birkinsa silifa ne, shi ya sa na dama ke riga na hagu cinyewa. Keken ba a san ainihin mai shi ba, an gaje shi ne daga wani da ya gama shekaru da suka wuce, kuma duk 'yan ɗaki na da rabo. Yana goyon abokinsa a kan ƙarfen gaba, suna tafe suna gardamar tsarin mulki. Ya yi alkawari in ya zama minista zai ware wa kekuna hanya tasu. Allah ya sa, ko da yake ministocin baya ma wannan gadar suka haye.

Duk waɗannan mutane wuri guda suke haɗuwa, gindin darbejiyar mai faci. Shi ba ya bukatar hujjar kowa, tub yake karantawa. In ya tsoma shi a kwanon ruwa ya ga faci a kan faci, ya san na mai kaji ne, kuma ya san za a biya shi nan take ba ciniki. In ya ga sabon tub da ƙaya ɗaya, mai shi kuma na waige-waige kada a gan shi, ya san ciwon Likita-ya-ce ya tashi. Mushe kaɗai ke neman rasit.

A nan gindin bishiyar ne kuma za ka tarar da Mai-niyya. A 2023 wani matashi ɗan Gini, Mamadou Safayou Barry, ya hau keke ya nufi Jami'ar Azhar ta Masar, ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har Cadi, inda masu taimako suka biya masa jirgi zuwa Alƙahira. Ya sami gurbin karatu, daga baya ɗan wasan Amurka Will Smith ya ba shi kyautar sabon keke da kwamfuta. Tun da wannan labari ya zaga wayoyi, kusan kowace fada ta sami nata matafiyin. Na Banifandou, wato Mai-niyya, Makka ya nufa. Ya haddace zango-zango: Dosso, Dogondutsi, Birnin Konni, Maraɗi, Damagaram, Diffa, daga nan kuma Allah ya san sauran. Ya ɗinka tuta mai ruwan lemo da fari da kore. Ya sayi famfo. Ya riga ya yanke shawarar abin da zai ce wa 'yan jarida a filin Arfa, kuma ya yafe wa duk wanda ya yi masa dariya. An sa ranar tashi bayan damina, aka ɗaga saboda ƙurar hunturu, aka sake ɗagawa saboda zafin bazara, ga damina kuma ta sake kawo jiki. Abin da ya rage masa kawai shi ne keke.

Saboda haka ranar Asabar da hantsi yake sallama a ƙofar Mushe.

"Mushe, ara mini keken nan, Wadata kawai zan je in dawo."

"Wancan makon ma Wadata ka ce."

"Horo nake yi, Mushe. Ladan ai har da kai."

Bayan isha'i ya dawo yana turawa, tayar baya a kwance, sarƙa a rataye a wuyan keke. Ya jingine shi a bango, ya karɓi ruwa ya sha, ya girgiza kai.

"Gaskiya, Mushe, ka sake keke. Wannan ba zai kai Makka ba."