Kafso na Ɗari Biyar

Da zarar hunturu ya buso, majalisu daga Mafara har Bakura sai su cika da tari. Mu kuwa kowa likitan kansa ne. Wanda ƙirji ya riƙe, kemis yake nufa kai tsaye: "Malam, ba ni kafso na ɗari biyar." Abin da ke aljihu shi ke yanke yawan maganin. Ran kasuwar Talata ma ba sai ka nema ba, mai talla zai iske ka da kayansa a tire, rana ta gama gasa su.

Ga mu da zumunci. Ka sha Ampiclox kwana biyu, tari ya lafa, sai ragowar ta shiga ƙarƙashin filo. Maƙwabci na yin atishawa ka zaro: "Alhaji, amshi wanga, shi na sha na warke." Inna kuma ta ɓare kafso ta zazzage wa jikanta a kunu. In ko likita ya ce mura ce kawai, je ka huta, sai mu fito muna ƙunƙuni: "Wanga bai san aiki ba, ko allura bai rubuta ba!"

Alhali mafi yawan tarin mura bairos ke kawo shi, shi kuwa ba ya jin kafso, da kansa yake wucewa. Shan rabi da rabin nan ne ke koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ce cututtukan da suka daina jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne abin ya fi yi wa ɓarna.

Inda ya kamata a yi gudu kuma, nan muke jan ƙafa. Yaro na numfashi da sauri, haƙarƙari na lotsawa, mu ce sanyi ne, a shafa man zafi. Nimoniya ke nan, mai son amoxicillin daidai da awon ma'aikacin lafiya, wani lokaci har da kwanciya asibiti. Mai noman rani a Bakolori ya yi wata guda yana tari yana ramewa, ya gwada kowane kemis daga Maradun zuwa Mafara, bai je gwajin majina ba. Gwajin tarin fuka da maganinsa na wata 6 kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Don Allah, tari in ya kai mako biyu, a je a gwada. Yaro mai numfashi da sauri kuma kada ya kwana gida.