Wasiƙa daga Kent: Ɗaci Daban, Ƙamshi Daban

Zuwa ga taubashina,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, da tumbin nan naka mai riga ka shiga ɗaki. Ka ce in ba ka labarin abin da mutanen Kent suka iya banda ƙorafin ruwan sama. To gyara zama, karatun yau a kan shayi ne, amma shayin da ake zuba wa giya. Kada ka yi salati tukuna. Ba tayi na kawo maka ba, haramcinta yana nan inda malam ya bar mana shi. Ilimin wuta da tsiro nake so ka gani, domin masu haɗa giyar gargajiya a gidajensu sun gane abin da masu dahuwa da yawa ba su gane ba: wutar da ke fito da ɗaci ita ce ke korar ƙamshi.

Akwai wata shuka mai yaɗo da ake kira hof, tana bin igiya har sama da mita 5. Furen macen ake nema, saboda wani gari rawaya mai danƙo da ke cikinsa. Da can giyar Ingila ba ta san shi ba. Daga Filandas al'adar ta ƙetaro teku, aka fara noma shi a Kent wajen 1520, kuma zuwa 1878 gonakinsa a ƙasar sun haura eka 70,000. A wancan zamani, duk watan Satumba talakawan gabashin Landan kan kwaso 'ya'yansu su zo tsinka. Irin da ake ji da su har yau su ne Golding da Fuggle, shi Fuggle ɗin ya shiga kasuwa a 1875. Ɗacin furen yana karya zaƙin tsiron sha'ir, yana kuma hana ƙwayoyin da ke tsamar da abin sha yaɗuwa. Burukutun dawa da ba a sa masa komai irin wannan, kwana kaɗan yake yi ya lalace.

Matsalar ita ce garin nan abu biyu ya ƙunsa masu hali daban. Ƙaronsa ba ya sakin cikakken ɗaci sai an tafasa shi awa ɗaya ko fiye, alhali mansa mai ƙamshi cikin 'yan mintuna yake bin tururi ya tafi. Kai da ke barin buta a kan gawayi har shayi ya koma ruwan maɗaci, sannan ka ɗora wa mai kanti laifin sayar maka da tsohon ganye, ai ka san zancen. Dabarar ita ce a raba aikin biyu. A tafasa kashi ɗaya don ɗaci. Ɗaya kashin a jiƙa shi a ruwan da zafinsa yake tsakanin digiri 70 da 80, a rufe kamar minti 20, a tace, ya huce, a zuba a giyar bayan yis ya gama aikinsa, dab da ɗurawa a kwalba. A wannan zafin ɗaci kaɗan ne ke fita, murfin kuma yana tsare ƙamshin.

'Yan mazan jiya a nan suna cewa wannan bidi'a ce, wai kakanninsu danƙin busasshen fure kawai suke jefawa a ganga su toshe. Gaskiya ne, kuma ƙamshin hakan ba ya da na biyu. Amma wannan tsarin mai manyan ganguna ne. Mai haɗawa a gida, wanda doka ta sakar wa mara ya yi ba lasisi tun 1963, yawanci lita 23 ce a bokitinsa. Busasshen fure zai shanye masa wani abu daga ciki, ya toshe tiyo, ya sa shi jiran kwanaki, kuma in ya yi yawa ba gyara. Mai shayin kuwa zai gwada cokali guda a kofi, ya ji, sannan ya auna na bokiti. Wasu kuma na cewa shayin yana tsinka giyar, ya bar ɗanɗanon ɗanyar ciyawa. Wannan ma akwai shi, domin tsurar ruwa ta fi jawo bauri daga furen. Sai dai laifin na mai yawaita ruwa ne da mai mantawa da agogo. Maganinsa ruwa kaɗan, wanda aka fara tafasawa don fitar da iskar da ke sa abin sha ya yi lami. Abin da ban yarda ba shi ne masu cewa shayin zai maye gurbin doguwar tafasa. Ƙamshi zai bayar, ɗaci da daɗewa sai tukunya.

Shukar ba za ta yi albarka a gonarka ba, tana son dogon yini na bazararsu da sanyin hunturu, shi ya sa masu bincike a Najeriya suka gwada shuwaka da namijin goro a madadinta. Shayin furen shi kaɗai ba ya bugarwa, har wasu na shan sa don samun barci, ko da yake kai ba ka taɓa neman taimako a wannan fanni ba.

Ka gaida Inna da su Baba ƙwarai. In an sami mai tahowa, a haɗo ni da yaji da kuka, kuma ka tanadi kuɗin sharata, ban yafe ba.

Naka,
Ubangidanka na Kent