Dillalin da Bai Taɓa Yi Mini Ƙarya Ba

Malaman fiƙihu sun tsawaita bayani a babin ciniki game da mai haja da ke ɓoye aibin hajarsa, sun kuma tanadar wa mai saye mafita idan ya tabbata an yaudare shi. Amma duk iyakar bin da na yi wa littattafai, tun daga Risala har zuwa Askari, ban ci karo da hukuncin mutumin da aka faɗa masa gaskiya tsantsa, da rana tsaka, a gaban shaidu adilai, ya zaro kuɗi da hannunsa ya sayi wahala ba. Wannan mas'ala a kaina ta auku a garin Tambuwal, shi ya sa na ga ya wajaba in rubuta ta, ko Allah zai sa wani mujtahidi ya samo mata hukunci.

Asalin al'amarin shi ne wurin aikina suka sauya mini wuri daga Zariya zuwa Kebbe, ƙaramar hukumar da ke can kuryar kudancin Jihar Sakkwato, wadda tun da aka yanke Jihar Kebbi a 1991, aka kuma yanke Zamfara a 1996, ta wayi gari tana maƙwabtaka da jihohin biyu. Surukata, da ta ji sunan, ta yi ta taya ni murnar zan ci kifin Argungu, ni kuwa kunya ta hana ni gyara mata. Da dare ya yi na kira majalisar iyali, na ɗauko alƙalami da takarda, na ce kowa ya faɗi abin da yake bukata a unguwar da za mu zauna. Uwargida ta ce ita dai ruwa, sai injin niƙa a kusa, sai mai magani, domin babban ɗanmu bai taɓa ganin bishiya ya wuce ta ba tare da ya gwada ƙarfin rassanta ba. Hajiya mahaifiyata ta ce kada a kai mata jikoki inda ba a jin sautin Alƙur'ani. Ni kuwa bukatata guda ce, shiru, domin in riƙa muɗala'ar littattafaina bayan isha'i. To, saboda in nuna wa iyali tawali'u irin na almajirai, sai na jera bukatunsu huɗu na rubuta musu farilla a gefe, na kawo tawa a ƙarshen takarda na rubuta mata mustahabbi, na kuma sa hannu a ƙasa.

Da na yi bincike sai ra'ayina ya karkata ga ajiye iyali a Tambuwal, ni in riƙa zuwa Kebbe aiki ina dawowa, saboda Tambuwal tana kan babban titin da ya taso daga Sakkwato ya nufi Jega, ga kasuwa mai ci, ga babban asibiti, ga Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya wadda na fara yi wa autarmu tanadinta tun ba a yaye ta ba. Na ƙarfafa wannan ra'ayi da ƙiyasi, cewa tun da Kebbe da Tambuwal kujera ɗaya suke tarayya a kanta a Majalisar Wakilai, wadda Aminu Waziri Tambuwal ya riƙe daga 2003 zuwa 2015 har ya zama kakakin majalisar a 2011, lalle zaman mutum a ɗayarsu daidai yake da zamansa a ɗayar. Uwargida ta ce ba ta san mota tana bin ƙiyasi ba, amma in je in gani.

Na tashi cikin watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato ke haura digiri 40, na biyo ta Boɗinga, na wuce Shagari, mahaifar shugaban ƙasa na 1979, na ratsa Dogon Daji, na sauka Tambuwal ranar wata Alhamis, hantsi ya dubi ludayi. Tun a mota zuciyata ke cike da girmama garin, domin na karanta cewa Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ne ya zauna a nan bayan jihadi, ya mai da shi ribaɗi mai tsare wannan fuska. Na ce a raina garin da aka kafa shi a kan tsaro da ilimi ba za a cuci baƙo a cikinsa ba. Wannan zato kuwa ya tabbata, ba a cuce ni ba.

A tasha aka haɗa ni da dillalin gidaje, wani dattijo mai farin gemu da farar riga, carbi a hannu, wanda ba ya sakin kalma sai ya auna ta. Da na karanta masa takardata, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Malam, ni ba ni rantsuwa, kuma ba ni ƙarya. Abin da kat tambaya, shi nika hwaɗa maka." Ya fara kai ni wani gida mai kyau a bakin titi, tun ban buɗe baki ba shi da kansa ya ce kada in kama shi, domin manyan motocin albasa da na shanu kwana suke yi suna wucewa, mai iyali ba ya barci a nan. Dillalin da ya kushe hajarsa da bakinsa, wa zai ƙara tuhumarsa? Nan take na sallama masa ragamata.

Muka kutsa cikin gari, muka gangara wata unguwa da ke ɗan kwari, ya buɗe mini gida mai zaure da ɗakuna uku da tsakar gida mai faɗi, da bishiyar darbejiya a tsakiya. Na zaro takarda na shiga bin farillai ɗaya bayan ɗaya, a gaban mutum biyu da ya kira su yi shaida.

"Baba, ruwa fa?"

"Wanga gida, in lokacinai ya yi, ruwa har ɗaka shika iske ka."

"Karatun yara?"

"Ɗiyanka ko ba su hita ba, karatu na iske su bisa shimhiɗa."

"Injin niƙa?"

"Uwargida ba ta aiken yaro. Ta bisa katanga taka miƙa hatsi."

"Mai magani?"

"Ba ka taki goma."

Shaidu suka gyaɗa kai a kowace amsa. Sa'an nan, cikin jin nauyi, na kawo tawa bukatar, na tambaye shi ko unguwar tana da shiru. Dattijon nan bai ce e ba, bai ce a'a ba, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Malam, kai da kunnenka, saurara." Na saurara. Rana ta take tsaka, ko akuya ta nemi inuwa ta yi lamo, ganyen darbejiya ma ba ya motsi. Ya ce, "Mi kaj ji?" Na ce ban ji kome ba. Ya juya ga shaidu ya ce, "To, kun ji, shi yah hwaɗi, ba ni ba." Na biya kuɗin hayar shekara cur, na biya la'ada, aka shafa fatiha.

Ranar wata Juma'a da yamma muka sauke kaya. Muna idar da sallar isha'i, na shimfiɗa buzu na buɗe littafi, sai na ga hasken wuta ya haskaka saman katangar gabas, kafin in tambayi dalili wata murya mai yawa ta tashi gaba ɗaya, ta cika gidan tun daga zaure har madafa. Ashe katangar nan tamu ce da tsangayar wani Alaramma, mai almajirai da ba su ƙirguwa da ido, kowanne da allonsa, kowanne da surarsa, kowanne kuma ya ƙudurta cewa ladan karatu gwargwadon ƙarfin murya ne. Sai a sa'an nan na tuna abin da kowane yaro a ƙasar Hausa ya sani, cewa makarantun allo Alhamis da Juma'a suke hutu. Hajiya ta fito tsakar gida ta ɗaga hannu tana hamdala. Almajiran suka tashi dare ya raba, suka koma tun asalatu.

Gari na wayewa farilla ta biyu ta bayyana. A bayan ɗakin kwanana ta fuskar yamma wani tsohon inji mai shan man gas ya yi tari sau biyu ya kama, ƙasa ta ɗauki rawa, kwanonin jeren uwargida suka shiga kaɗawa cikin kabad, kofin shayina ya kama tafiya shi kaɗai a kan tebur har sai da na tare shi a gaɓa. Na sami labari cewa ranar da na zo duba gida mai injin ya tafi Jega sayen bel. Uwargida kuwa ta taka turmi, ta miƙa kwaryar gero ta saman katanga, ba a jima ba aka miƙo mata gari da ɗuminsa, ta dube ni ta ce, "Malam, Allah ya saka maka da alheri, ban taɓa zaton ka iya zaɓe haka ba."

Mai maganin na ƙirga, taki takwas ne daga ƙofar zaurena, dattijon ma ragi ya yi mini. Sai dai maɗori ne, zuriyar mutanen Aliero, garin da ke gaba kaɗan a kan hanyar Jega, wanda ya shahara da abu biyu, albasa da ɗorin karaya. Kusan kullum sai an sauke masa wani ɗan kabu-kabu da ya yi jayayya da titi, ko manomin da sa ya taka. Na taɓa leƙawa sau ɗaya, na ga ƙarti huɗu sun danne mutum a kan tabarma, shi kuwa maɗorin yana shafa masa man shanu a ƙwauri yana tambayarsa labarin damina cikin murmushi, har mutumin ya saki jiki ya fara ba da amsa, sai kawai ya fizgi ƙafar ya mayar da ƙashi mazauninsa, ya tofa addu'a, ya jera karare ya ɗaure da tsumma. Ƙarar da bawan Allah nan ya yi, yana kiran mahaifiyarsa da sunan yanka, ta sa almajiran Alaramma suka yi shiru na ɗan lokaci, wanda shi ne shiru na farko da na samu a gidan. Ranar Alhamis maɗorin ƙauyuka yake zagayawa.

Saura ruwa, wanda har watan Yuli ina sayensa a wurin 'yan garuwa ina cewa ga inda dattijo ya yi saɓani. Da Agusta ta kama, wani dare hadari ya haɗo daga gabas, aka kwana ana zubawa, sai ya bayyana cewa duk ruwan da ya sauka a unguwannin tudu ba shi da hanyar zuwa fadama sai ta zaurena. Ya shigo da sallama ta ƙarƙashin ƙofa, ya ratsa tsakar gida, ya iske ni har ɗaka kamar yadda aka alkawarta. Asuba ta same ni tsaye bisa turmi da ƙafa ɗaya kamar zalɓe, littattafai ɗaure a ka, ina kallon takalmana sun bi juna sun fice ta zaure, yara kuwa suna ta murna suna kamun kwaɗi da kwando.

Na kai ƙara gaban mai unguwa, na yi shiri sosai, na zo da hujjoji a kan garari da ɓoye aibi. Aka kira dillali da shaidu, Alaramma ma ya halarta a matsayin maƙwabci. Mai unguwa ya ce a kawo takardar sharuɗɗa, ya bi su ɗaya ɗaya yana tambayata wanne ne bai cika ba, ni kuwa kowanne aka ambata sai in ce ya cika, har ma ya yi ambaliya. Da aka zo kan shiru, dillali ya ce a tambayi shaidu bakin wa maganar ta fito. Sa'an nan Alaramma ya karɓi takardar, ya gyara tabarau, ya ga abin da na rubuta a gefe da hannuna, ya ce cikin natsuwa, "Malam, ai kai masani ne. Barin mustahabbi ba shi ɓata salla." Ya ƙara tunatar da ni cewa wasu malamai sun kai haƙƙin maƙwabtaka har gida 40 ta kowace fuska, saboda haka inji da maɗori da tsangaya duk suna cikin waɗanda aka yi mini wasiyya da su. Aka shafa fatiha ta biyu.

Daga nan na mai da himmata Kebbe, na samo wani gida a ƙarshen gari, yana fuskantar gonakin shinkafa ta wajen Gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Gummi ya ratsa ƙasar ya nufi Jega. Babu abin da ake ji a wurin sai kukan tsuntsaye. Na sake kiran majalisa. Uwargida ta ce mai inji ya daina karɓar kuɗinta saboda haƙƙin katanga, har ta fara sayar da garin kunu. Ta ce ranar da yaron ya faɗo daga darbejiya an ɗora masa hannu tun kafin a same ni a waya. Ta ce a wannan zamani mai hankali ba ya kai 'ya'yansa gidan ƙarshe a bakin daji, ga kuma sauron fadama. Hajiya ta ce jikokinta sun haddace izu biyu ta saman katanga ba a kashe ko sisi ba, in kuwa zan tashi sai dai in tashi ni kaɗai. Ijma'i ya ƙullu, saɓa masa kuwa ba halin ɗalibi ba ne.

Yanzu ɗaki guda nake haya a Kebbe, in kwana can ranakun aiki, in dawo gida Juma'a da yamma, daidai lokacin da almajirai ke komawa karatu. Ranakun da gidana ke shiru sai dai a ba ni labarinsu.

Cikin hutun bazarar da ta wuce, wata Alhamis da rana tsaka, na ji sallama a zaure. Na fito na tarar da dattijon tare da wani saurayi mai tabarau, malamin makaranta da aka yi wa canji daga Gusau, riƙe da takarda, yana son gidan da ke jikin nawa ta kudu, an kuwa rasa shaida na biyu. Saurayin ya ce ya fi natsuwa da maganar ɗan boko ɗan'uwansa, ya tambaye ni ruwa. Na ce har ɗaka. Ya tambayi karatu da inji da mai magani, na ba da shaidar abin da na sani, ban ƙara ba, ban rage ba. Da ya zo kan shiru, na ɗaga yatsa na ce ya saurara da kunnensa. Bayan an shafa fatiha, dillali ya danƙa mini goro biyu daga cikin la'ada, ya dube ni da girmamawa ya ce, "Malam, ashe karatun Zariya bai ɓaci ba."