Taubashi, Kada Ka Sayar da Filin Tukuna

Mahjar, Jidda

Taubashina,

 Ya ƙarfin jikin Goggo? Ka durƙusa ka gaishe min da Kawu.

Saƙonka ya iso. Wai ka ji a majalisa cewa a Saudiyya ba a yankar haraji a albashi, don haka za ka sayar da filinka na Ɗorayi, ka kwaso mata da 'ya'ya huɗu ku taho. Kai da kuɗin sharana na bana har yau ba ka biya ba, dole wannan labari ya yi maka daɗi!

Gaskiya suka faɗa maka, amma rabinta. Albashi kam ba a taɓa shi. Sai dai tun Yulin 2017 aka sa wa baƙo kuɗin wata-wata a kan duk wanda ke zaune a ƙarƙashinsa. Da riyal 100 aka fara, ana ƙarawa duk shekara, har ya tsaya a 400 a 2020. Ɗauko alƙalami: mutum biyar, riyal 2,000 ke nan a wata, 24,000 a shekara, kafin a yi zancen haya. Autanku da bai yi haƙori ba, farashinsa ɗaya da babarsa. Kuma ba kowa ake bari ya kawo iyali ba, sai an duba sana'ar da ke rubuce a igamarsa, wato katin izinin zamansa.

Sauran harajin a kanti yake jiran ka. An fara da kashi 5 a 2018, aka ninka shi uku a Yulin 2020. Ka sayi burodi da madara a shagon bakin layinmu, takardar shaida ta fito: ga kuɗin kaya, ga kashi 15 a ƙasansa, dalla-dalla. Kai da kake kwana ciniki a Kwari a kan naira hamsin, ina so in ga yadda za ka ce wa na'ura albarka.

Ita kuwa igama, katin izinin zama, riƙon ƙwai ake yi mata. Layin waya a kanta yake, har da dangwala yatsa. Asusun banki a kanta, yarjejeniyar haya a manhajar Ejar a kanta. In ta mutu ba a sabunta ta ba, banki zai tsayar da asusunka, ga tarar riyal 500 a karon farko.  Kafili, wato wanda ya ɗauke ka aiki, shi ne ke sabunta ta, don haka ka yi addu'ar samun mai tsoron Allah. An sassauta ikon kafili a Maris 2021: ma'aikacin kamfani na iya neman bizar fita da dawowa da kansa ta manhajar Absher, amma direban gida da mai aikin gida ba sa ciki. Wannan yana damu na, domin a nan mutanenmu da yawa suke.

Ka yi tambaya a kan tallafi. Kuɗin rage raɗaɗi na Hisabul Muwaɗin na 'yan ƙasa ne, fansho ma haka. Naka shi ne inshorar lafiya da kamfani zai yanka maka, da diyya in ka ji rauni a bakin aiki, sai sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin shekaru biyar na farko, cikakken wata a kan kowace shekara bayansu. Ka adana takardar kwantiraginka fiye da yadda kake ɓoye kilishi.

Abu ɗaya nake roƙon ka, kuma wannan ba wasan taubasai ba ne: kada wani dillali ya ruɗe ka ka shigo da bizar Umara ka maƙale. Na ga magidanta da ba sa iya zuwa asibiti, in sun hango motar sintiri sai su canja lungu. Ka nemi bizar aiki ta gaskiya, ka zo kai kaɗai, ka shekara ka ga yadda lissafi zai kaya. Katifa na nan a ɗakina, munsharinka ma na yafe.

In an samu mai tahowa, a aiko min da daddawa da kuka.

Naka,
taubashinka na Jidda